Shekarar da Na Tona Jujin Landan

Zangona na farko a Landan gidan Yaya Sabo ne, a unguwar Peckham. Ɗan baffan maigidana Malam Isyaku ne, ya daɗe a can yana aiki, kuma don yana nan ne dangin Malam Isyaku suka yarda matarsa ta tafi karatu ita kaɗai, ta bar yara biyu a Katsina hannun kakarsu. A tsakiyar shekarun saba'in ke nan, lokacin da kuɗin mai ya sauko kamar ruwan Agusta, gwamnati tana ta tura mutane waje, wannan ya koyo aikin injiniya, wancan likitanci. Ni kuwa malamar tarihi ce a makarantar 'yan mata. Na daɗe ina koyar da labarin tsofaffin biranen Ingila, domin yana cikin jarrabawa. Na haddace littafin, na sa yara sun haddace, amma a raina na san ban san abin da nake faɗa ba. In yarinya ta ce, "Malama, me suke ci? Ina suke ɗebo ruwa?" sai in ce ta buɗe shafi na gaba. Wannan kunyar ce ta kai ni Landan.

Yaya Sabo ya rubuta wa gida cewa ya tanadar mini ɗaki, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ɗaki ne da in ka miƙa hannu za ka taɓa bango biyu, kusa da na 'ya'yansa uku. Washegarin isowata matarsa, Anti Lami, ta ɗauki jaka za ta aiki, ta nuna mini kwalbar madarar jariri da hanyar makarantar manyan.

"Ai ke ce uwarsu yanzu, Rabi," in ji ta.

Na ɗauka na kwana biyu ne. Mako ya wuce, wani ya biyo, ina zuwa aji a makare da warin madara a mayafina, wata rana ma ba na zuwa. Yaran suna jin Hausa sarai, amma da Turanci suke mayar mini. Sai babbar ta suɓutar da baki wata safiya, ta ce ai da akwai wata mata mai renonsu, Baba ya sallame ta da aka ce ina zuwa.

Na jira Yaya Sabo ya ci abinci, na durƙusa na gaishe shi.

"Yaya, ba reno na zo ba. Karatu aka turo ni."

"Wane karatu?" Ya yi dariya. "Tarihin Turawan da suka mutu? Wannan course ɗin wa zai ci da shi? Ki taimaki 'yar'uwarki, in kin sami lokaci ki leƙa makarantar. Ina kika sani a garin nan? Ko tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ki iya shiga ba."

Gaskiya ya faɗa, ban iya ba. Na tashi na wanke kwanoni, amma daga ranar na fara neman hanya.

Allah ya kawo hanyar a wani shago a Rye Lane, inda mutanen Jamaika ke sayar da kayan miya. Na ɗaga wata doya da ta bushe ƙamas, na ce da kaina a fili, "Wannan doya ce ko icce?"

"Icce ne, 'yar'uwa, ajiye abinki," na ji an ce a bayana.

Na juya, na ga wata doguwar mace da rigar nas a ƙarƙashin kwat. Saratu ke nan, 'yar Kagoro, Kirista, tana aiki a wani asibiti a gabashin gari. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Kafin mu fita shagon ta ji labarina duka, ina ba ta ina share hawaye da gefen mayafi.

"Ɗakina ƙarami ne, kuma akwai sanyi," ta ce. "Amma ba jariri."

Zango na biyu ke nan, Whitechapel, ɗaki ɗaya a saman shagon wasu teloli mutanen Bangal. Na yi wa Yaya Sabo sallama yadda ya kamata, bai amsa ba. Ranar da na tare, Saratu ta sauka da kanta ta tambayi telolin inda alƙibla take, ta dawo ta ja gadonta gefe don in sami wurin shimfiɗa darduma. Ita ta koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, da kunna risho don ɗumama ɗaki, da tuƙa tuwon garin semolina. Sanyin ƙasar nan ba a fata yake tsayawa ba, ƙashi yake nema. Da asuba in na yi alwala yatsuna sukan ƙi lanƙwasuwa.

Malamin da aka haɗa ni da shi a jami'a Dokta Penfold ne, wani siririn mutum mai shan lofe. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce ya riga ya yi mini tunani: in rubuta a kan kasuwannin ƙasar Hausa, tunda na san su, aiki zai yi sauƙi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenku da yawa sun je sun yi rubutu a kan garuruwanmu. Ni naku na zo dubawa."

Ya cire lofen daga baki ya dube ni. Bai ji haushi ba, amma ya gaya mini gaskiya. Takardun da mutanen tsofaffin biranen nan suka bari, na kotu da na kasuwa, akasari da Latin aka rubuta su, harshen da ba wanda ke magana da shi yanzu. Ɗalibansa sun fara koyonsa tun suna yara. Duk wanda bai ci jarrabawarsa ba, ba ya wucewa shekara ta biyu.

Na ce zan koya. Na zauna jarrabawar farko a watan Disamba, na faɗi warwas.

Sai aka kira ni ofishin da ke kula da mu ɗalibai, can wajen Charing Cross. Jami'in, Malam Garba, dattijo ne Bazazzagi, ya sa aka kawo mini shayi.

"Malama Rabi, ƙasa tana neman masu gina ta. Na duba, akwai gurbi a fannin gudanar da makarantu. In yi miki booking yau, shekara ɗaya kin gama, kin koma wajen 'ya'yanki, a ba ki shugabar makaranta. Wannan kuwa, in kin sake faɗuwa, ba abin da zan iya yi. Gida za ki koma hannu rabbana."

Maganar 'ya'yan nan ta taɓa ni. Nura ya shiga aji ɗaya ba ni nan, Bilki kuwa na baro ta tana koyon magana. Amma na tuna yadda zan tsaya gaban yara in ci gaba da cewa a buɗe shafi na gaba.

"Malam, a bar ni in sake gwadawa."

"Taurin kan Katsinawa," ya ce, yana girgiza kai. "To, zuwa watan Yuni."

Saratu ce ta sake fid da ni. Akwai wani tsoho da ta yi jinya, Mista Dunn, wanda ya shafe rayuwarsa yana koyar da Latin a makarantar yara maza. Idanunsa sun mutu, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai da kyanwa a wani ɗan gidan haya na hukuma. Muka shirya: in karanta masa jarida in dafa masa shayi, shi kuma ya koya mini. Mutum ne mai faɗa. In na yi kuskure sai ya buga sanda a ƙasa, kyanwar ta ruga ƙarƙashin kujera.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ƙarshen kalma ke canjawa, yau ta ƙare da wannan, gobe da wancan. Wata rana yana bayani cikin fushi, cewa ƙarshen kalma shi ke nuna wa ya yi aiki, wa aka yi wa, sai na ji kamar an buɗe taga a kaina. Ai wannan li'irabi ne! Abin da mahaifina ya koya mana ke nan a zaure, da littafin nahawun Larabci, muna yara muna gyangyaɗi. Na gaya wa Mista Dunn. Ya sa na yi masa misali da Larabci, ya saurara da kunne ɗaya, ya ce, "To me kike jira? Yi yadda ubanki ya koya miki."

Daga ranar na koma hadda irin ta gida. Ina rera kalmomin ina rausaya, a bas, a layin wanki, a kan tukunya. Saratu har ta haddace wasu ba da niyya ba, tana amsa mini amshi tana goge takalmin aiki.

Da sanyi ya fara sauƙi, Dokta Penfold ya sanar cewa ana neman masu taimako a bakin kogi. An rushe wasu tsofaffin ɗakunan ajiya za a gina dogon bene, an ba masu binciken tarihi ɗan lokaci su tona kafin a zuba kankare. Ban jira ya gama ba na ɗaga hannu.

Wannan shi ne zangon da ya fi kowanne wahala, kuma shi na fi so. Na sa wando a ƙarƙashin zane, na ari takalmin roba na wani telan, na ɗaure kallabi tam. Rami ne mai zurfi, ana sauka da tsani, ƙasansa baƙin taɓo mai wari kamar kwatar mahauta. Ruwa na tsattsafowa, inji na zuƙewa, sama kuma ana yayyafi. Gwiwoyina suka kumbura, tafin hannuna ya tsage. A can sama motocin gini suna jira, direbobinsu na leƙo mu suna dariya.

Amma abin da ke cikin taɓon! Mutanen zamanin da, in suna son ƙarin fili, sai su kafa katangar katako a cikin kogi, su cika bayanta da sharar gari. In wuri ya sake ƙaranci, su kafa wata a gaba. Wato juji muke tonawa, kuma laimar ta hana komai ruɓewa. Na ciro ƙayar kifi da ɓawon kawa ba iyaka, na ciro matajin katako, da akushi da ya tsage aka ɗinke shi, da allura, da guntun ulu. Ran nan na ciro wani muƙamuƙi mai haure, na tambayi wata 'yar ajinmu, ta ce na alade ne, ai a lokacin sakinsu ake yi a titi kamar awaki har hukuma ta riƙa hanawa. Na ajiye shi da bakin cokalin tono, na ce a'uzubillahi, muka yi ta dariya.

A ramin nan na fahimci abin da na daɗe ina rerawa. Gari ba daga sama yake faɗowa ba. Inda kogi ya ƙuntata har a iya kafa gada, nan matafiya ke tsayawa. Inda suka tsaya, mai abinci ya zo, maƙeri ya zo, kasuwa ta ci. Rumawa, Turawan tsohuwar daular Rum, suka zagaye wurin da ganuwa, da suka tafi ya zama kufai, mutane suka koma can gefe suna ciniki a bakin ruwa. Da mahara suka dame su ta kogi, suka tattara suka dawo cikin tsohuwar ganuwar. Ina jin wannan ina tuna ƙofofin Katsina, har na rasa wanne nake gani.

Wata ranar Laraba na ga bakin fata ya leƙo daga taɓo. Na bi shi a hankali da yatsa. Takalmin yaro ne, bai kai tsawon tafin hannuna ba. An yi masa faci a dunduniya, sannan wani ya sa wuƙa ya tsaga shi ta wajen babban yatsa, don ƙafar ta girma kuma ba halin sabo. Haka na yi wa takalmin Nura kafin in taho. Na zauna a cikin taɓon nan na yi kuka sosai. Wani saurayi da ban ma san sunansa ba ya sauko da shayi a murfin fulas, ya ajiye kusa da ni, ya koma aikinsa.

Ba a jima ba wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo sayayya daga gida, ya kawo mini kaset. Tun daga yadda ya miƙo shi yana kau da ido na san akwai magana. Ya ce Yaya Sabo ya aika gida cewa na bar gidansa ba dalili, na tare da wata wadda ba a san asalinta ba, kuma an gan ni da wando ina tonon bola tare da mazan Turawa.

Na ari rikoda wajen telolin. Na kasa dannawa, sai Saratu ta danna. Muryar Malam Isyaku ta fara fitowa, ya yi gaisuwa a taƙaice, ya ce kowa lafiya, ya ce Inna na da magana. Inna ita ce mahaifiyarsa, kuma a gidan nan in ta yanke ba mai ɗinkewa. Na ji ƙarar tabarma, na ji ta gyara murya.

"Rabi, kina jina? An ce a nan zan yi magana. To. Saƙon Sabo ya iso. Baffanninku sun taru sun ce a kira ki gida." Sai ta ci gaba. "Na ce da su, Sabo ni na yi masa wanka yana jariri, tun yana yaro ba ya ɗaukar tulunsa in akwai wanda zai ɗaukar masa. An ce kina tonon juji. Ni ban san abin da Bature ya ɓoye a juji ba, amma na san ki, ba ki tona banza. Yaranki suna ci suna sha. Ki tsare sallarki, ki tsare mutuncinki, ki gama abin da ya kai ki. In kika dawo ba ki gama ba, kada ki biyo ta ƙofata."

Saratu ta buga guɗa har telolin suka leƙo. Sai Nura ya karanto mini Fatiha da ƙarfi, yana haɗiye rabin kalmomin. Aka ce Bilki ta gaida Umma. Ta ƙi. Aka lallashe ta. Can na ji 'yar muryarta nesa da rikodar tana tambaya, "Wace ce Umma?"

Wannan kalma ta fi sanyin Landan shiga ƙashi. Na kashe rikodar, na yi alwala, na yi la'asar. Da na sallame na ɗauko littafin Latin. In har 'yata za ta manta da ni saboda abin nan, to wallahi ba zan bar shi rabi ba.

Ranar jarrabawa aka raba mana hoton wata tsohuwar takardar kotu, aka ce mu fassara. Rubutun kamar tafiyar tururuwa. Na yi bismilla, na fara neman ƙarshen kalmomi: wa ya yi, wa aka yi wa. A hankali maganar ta fito. Wata bazawara ce ta kai ƙarar maƙwabcinta, wai indararonsa yana zubo ruwa a bangonta har ya fara zaizayewa, kuma ya buɗe taga yana ganin tsakar gidanta. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, mai tsaron jarrabawa ya ɗago kai. Ai wannan shari'ar na sha ganin mai unguwarmu yana yanke ta kowace damina. Na sunkuya na rubuta har lokaci ya cika.

Da sakamako ya fito ban zo ta ɗaya ba, ban ma kusa ba, amma na ci. Na je na gaya wa Mista Dunn. Ya ce, "Da kin bi a hankali da kin fi haka," sannan ya juya fuska wajen taga ya daɗe yana neman hankicinsa. Malam Garba kuwa ya sa hannu a takardata yana cewa, "Na faɗa, taurin kai," amma har bakin ƙofa ya rako ni.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama, Dokta Penfold ya kwanta da mura. Al'adarsa ce ya zagaya da sababbin ɗalibai cikin tsohon gari a makon farko. Ya aiko a gaya mini in je a madadinsa.

Muka haɗu a gindin guntun ganuwar da ta rage, kusa da tsohuwar hasumiyar bakin kogi, ana yayyafi. Samari da 'yan mata ne, 'ya'yan ƙasar, wasu a garin ma aka haife su. Na nuna musu inda ginin Rumawa ya tsaya, da inda na bayansu suka ɗora. Na gaya musu yadda ake kaɗa ƙararrawa da almuru a rufe ƙofofi, kowa ya rufe wutarsa. Na ce za mu bi ta Titin Burodi da Titin Madara, su ga yadda kowace sana'a take da layinta da shugabanninta, yadda yaro ke shekara bakwai a hannun maigida kafin a kira shi gwani, da yadda ake jan mai burodin da ya tauye awo a titi, burodin rataye a wuyansa.

Muna shirin tashi sai wani ɗan sanda ya matso, ganin mun tare hanya. Ya wuce ni, ya nufi wani dogon saurayi mai gemu da tabarau.

"Kai ne malaminsu?"

Saurayin ya yi ja har kunne. "A'a, yallaɓai. Ga malamarmu nan."

Ɗan sandan ya juyo ya dube ni, daga kallabi har takalmin roba. Ya taɓa hularsa.

"Ina za ki kai su, madam?"

"Ƙofar gari," na ce.

"Ai ba ƙofa a nan."

"Akwai. Kana tsaye kusa da inda take."

Ya dubi ƙafafunsa, ya ja da baya, ya ɗaga hannu ya tsayar mana da motoci. Na gyara mayafina, na ce da yaran, "Ku biyo ni."